Akwati, bayan bango ko sabon inji: wace hanya ta fi rage ƙarar injin zuƙe ƙura a warsha?

Kafintan da ya yini yana goge katako, injin zuƙe ƙura na ruri kusa da ƙafarsa, ya san abin da yamma ke zuwa da shi. Kai ya yi nauyi, kunne na ta shuuu, ana yi masa magana yana cewa a maimaita. A Makka da Jidda abin ya fi tsanani, domin da yawa daga cikin 'yan'uwanmu Hausawa masu aikin katako ba su da filin da za su baje. Warsha ce ƙarama a ƙasan bene, ko ɗaki guda da aka mai da wurin aiki, bango ɗaya da maƙwabci, a sama kuma iyalin wani ne. Tun rusau ɗin da aka yi a tsofaffin unguwannin Jidda a 2021 da 2022, irin su Sabil da Karantina da Gulail, wanda ya samu sabon wuri ma yawanci haya ce, mai gida kuwa ba ya son jin ƙorafi. Shi ya sa maganar yi wa injin akwati ta yawaita a bakin masu sana'a. Akwatin yana aiki, wannan babu shakka. Sai dai akwai wasu hanyoyin, kuma a ƙasa mai zafi irin wannan ba kullum akwatin ne ya fi ba.

Injinan nan masu duro na lita 17 zuwa 30, waɗanda ake samu a kantin kayan aiki na SACO ko a kasuwar Haraj Sawarik ta Jidda, motonsu mai kabon ne, dangin na dirila da giranda. Yana juyawa sau 20,000 zuwa 30,000 a minti, kuma wannan gudun ne ke haifar da siririyar ƙarar nan mai huda kai. Ta wurare huɗu take fitowa. Mafi yawanta ta bakin da iska ke fita ne. Sai kan injin, inda wata 'yar fanka ke jawo iskar sanyaya moto. Sai girgizar da ke bin duro ta shiga ƙasa, ta bi siminti har ɗakin mutanen sama. Ta huɗun ita ce shewar iska a bakin tiyo, wadda ke hannunka, kuma babu akwatin da zai yi maganinta.

Da desibel ake auna ƙara, lissafinta kuma ya bambanta da na mita da kilo. Idan ka rage desibel 10, kunne zai ji kamar ƙarar ta ragu da rabi. Idan ka rage 3 kacal, da ƙyar za ka ji bambanci, amma ka sauke rabin nauyin da ke dukan kunnen. Hukumar NIOSH ta Amurka, mai binciken lafiyar ma'aikata, ta sa iyaka a desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa huɗu, 91 awa biyu, 94 awa ɗaya. Injinan zuƙe ƙura masu araha suna tsakanin 75 da 90 idan aka auna kusa da su. Wayar hannu ta isa ta nuna maka inda naka yake. NIOSH ɗin ma ta fitar da manhajar auna ƙara kyauta ga masu iPhone, akwai makamantanta a Android. Waya ba za ta ba ka adadi daidai ƙwarai ba, amma in ka tsaya wuri ɗaya, mita ɗaya daga injin, ka auna kafin gyara da bayan gyara, bambancin da za ta nuna abin dogaro ne.

Kafin ka sayi katako ko guda, ka fara tambayar kanka: wa ƙarar ke damu, kuma a wane lokaci? Amsar ce za ta zaɓa maka hanya. In kana kunna injin ne tare da zarton tebur ko rauta, waɗanda ke kai wa desibel 95 zuwa 100, to akwatin ba zai ceci kunnenka ba. Ƙara mai 95 da mai 85 in sun haɗu ba su kai 96 ba, don haka ko ka kashe injin zuƙe ƙurar gaba ɗaya, abin da ya ragu bai kai desibel ɗaya ba. Wanda aikinsa yanka ne, toshiyar kunne ce maganinsa, ko da akwati ko babu. Na soso da ake murzawa a tura ciki sun fi daɗin sawa a gumi a kan masu rufe kunne duka. Abin da aka rubuta a kwalinsu, 25 ko 30, kada ka lissafa da fiye da rabinsa a aikace. Ina roƙon masu warsha su saya wa yaran da ke koyon aiki a hannunsu, domin jijiyoyin ji da ƙara ta kashe ba sa dawowa, kuma yaro ɗan shekara sha bakwai ba zai gane abin da ya rasa ba sai ya kai arba'in.

Inda rage ƙarar injin ke da amfani sosai shi ne aikin guga da sanfefa, da shara, da duk lokacin da injin ne ya fi komai ƙara a wurin. A nan ne mutum ke son ya ji sallamar mai sayen kaya, ya ji kiran salla, ya iya ba yaro umarni ba tare da ihu ba. Haka nan in matsalar maƙwabta ce, domin zarto yankansa na 'yan daƙiƙu ne, shi kuwa wannan yana iya yin awa biyu yana ruri ba numfashi, kuma irin wannan ce ke hana mutanen sama hutun bayan Azahar.

Akwai ƙananan dabaru biyu da ya kamata a gwada tukuna, don ba su da tsada. Idan injinka yana da baki zagayayye a wajen fitar iska, wanda ake iya sa wa tiyo, ka yi masa salansa. Bututun PVC mai faɗin santimita 15, tsawon rabin mita ko fiye, a zagaye cikinsa da audugar dutse, a bar hanyar iska a tsakiya da ragar waya, hanyar kuma kada ta gaza faɗin bakin injin. Wannan yana dakushe kaifin ƙarar sosai, kuma bai taɓa iskar sanyaya moto ba, don haka babu haɗarin zafi. Kasawarsa ita ce kan injin na nan a buɗe, ragin da za ka samu na 'yan desibel ne. Dabara ta biyu rage gudun moto. Idan ka sauke gudun da kashi ɗaya cikin biyar, ƙarar na sauka da kimanin desibel 5, ƙarfin zuƙa kuma ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga injin guga wannan ba asara ba ce, domin zuƙa mai yawa tana manne shi da katako har ya bar zane. Amma ka nemi abin rage gudu da aka yi don moto mai kabon, wanda ya fi ƙarfin amfiya biyar ko shida da injin wat 1200 ke ja a wutar 230. Na rage hasken fitila zai ƙone. Kuma kada ka sa shi a injin da ya zo da nasa na'urar daidaita gudu.

Akwati shi ne wanda ya fi jan hankali, shi ne kuma aka fi ɓatawa. Abu uku yake buƙata tare, in ɗaya ya ɓace sauran biyun sun tashi a banza: nauyi, da abin da zai shanye ƙara a ciki, da toshe duk wata kafa.

Nauyi ne ke tare ƙara. Duk lokacin da ka ninka nauyin bango sau biyu, kana samun ƙarin desibel 5 zuwa 6. MDF, allon nan na garin katako da aka matse, mai kaurin milimita 18 yana da kimanin kilo 13 a murabba'in mita, falle guda mai santimita 122 da 244 ya kusa kilo 40. Filawud mai kauri ɗaya ya fi shi sauƙi, wajen kilo 10, don haka bai kai shi tare ƙara ba, amma ya fi riƙe sukuru da hinji, kuma ya fi jure damshi. Wannan bambancin yana da muhimmanci ga na Jidda, inda danshin teku ke kumbura bakin MDF in ba a shafe shi da fenti ba. Na Makka, da iskarsu busasshiya ce, su ɗauki MDF hankali kwance. Wanda ke son ƙari, ya liƙa allon jibs mai milimita 12.5 a ciki, zai ƙara kilo 8 zuwa 10 a murabba'in mita da kuɗi kaɗan, ga shi kuma jibs ba ya cin wuta. A ganina MDF a waje, jibs a ciki, shi ne haɗin da ya fi dacewa da aljihun ƙaramin mai sana'a.

Sai abin shafe ciki. Idan ka kulle injin a akwati mai santsin ciki, ƙarar za ta yi ta bugun bango tana dawowa, ta taru ta fi yadda take a fili, har ta cinye wajen desibel 10 daga abin da katakon ya tare. Abin da ke shanye ta shi ne kaya mai laushi wanda iska ke iya ratsawa. Audugar dutse, wadda masu kayan gini a nan ke kira suf sakhri, ita ce gaba. Kaurin santimita 5 ya isa ya shanye mafi yawan siririyar ƙarar injin, kuma ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 1000. A rufe fuskarta da yadi mai shara-shara ko ragar sauro don kada zarenta ya riƙa tashi yana shiga moto da huhu, a kuma sa safar hannu da takunkumi lokacin yanka ta. Audugar gilashi ma tana yi.

Abubuwa uku ne mutane ke sawa waɗanda nake so a bari. Kwalin ƙwai ba shi da nauyi, ba shi da kauri, amfaninsa kaɗan ne ƙwarai, kuma takarda ce kusa da moto mai tartsatsi. Falin, farin nan mai ƙwaya-ƙwaya da ake naɗe firji da shi, ƙofofinsa a rufe suke, ƙara ba ta shiga cikinsa, abin da ya iya kawai riƙe zafi, wato ainihin abin da ba mu so. Na ukun ya fi su haɗari: soson katifa. Yana shanye ƙara kam, amma in ya kama wuta yana ci da sauri da baƙin hayaƙi mai guba. A watan Fabrairun 2003, a jihar Rod Ailan ta Amurka, wani gidan rawa da aka liƙa wa irin wannan soson a bango don rage ƙara ya kama wuta, mutum 100 suka rasu. Warshar da ke cike da garin katako da tina da fenti, mutane na kwana a samanta, ba wurin gwada wannan ba ne. Ka tuna kuma jami'an Difa' Madani, masu kula da kashe gobara, suna zagaya shaguna.

Maganar kafa ita ce wadda kafintoci suka fi rainawa. In kafofin da ke jikin akwatin sun kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗinsa, ba za ka taɓa rage fiye da desibel 20 ba, ko da bangon na ƙarfe ne. In sun kai kashi goma, iyakarka desibel 10. Saboda haka kowace mahaɗa gam da sukuru, a bi ta da silikon. Ƙofa ta zauna a kan roba ta kowane gefe, da sakata mai matsewa guda biyu. Ramin da tiyo zai bi a sa masa wuyan roba ya kama shi, haka na waya. Injin ya zauna a kan tabarmar roba mai kauri, kada jikinsa ya taɓa bangon akwatin, akwatin ma kada ya jingina da bangon gini. Wannan na ƙarshen shi ne ke yi wa mutanen sama magani fiye da duk audugar da za ka cusa.

To ga inda gizo ke saƙar. Akwatin da ya toshe ƙara ya toshe iska, injin kuwa da iska yake rayuwa. Kusan duk wat 1200 da yake ja daga soket zafi yake komawa, kamar ka kunna dutsen guga ka rufe shi a kabad. Idan injin na tura lita 50 na iska a daƙiƙa, wannan iskar tana fita da kimanin digiri 20 sama da yadda ta shiga. A ƙasashen da ake yawan nuna wannan akwatin a bidiyo, warsha na digiri 18 ko 20, don haka ko an yi kuskure moton na da sarari. Mu nan a watan Yuni zuwa Satumba warshar da ba ta da sanyi tana haura 40. A aikin Hajjin 2024 an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami. Ƙa'idar ƙera moto ta duniya tana ɗaukar iskar da ke kewaye da shi ba ta wuce digiri 40 ba, kuma masu naɗin koyil sun san cewa duk ƙarin digiri 10 yana raba kwanan koyil biyu. Wato tun kafin ka rufe ƙofar akwatin, injinka yana bakin iyakarsa.

Don haka zanen da ya yi aiki a Jamus ba lalle ya yi a Shara Mansur na Makka ba. Abin da ke kashe inji a akwati shi ne iskar da ya fitar da zafi ta zagayo ta sake shiga wajen sanyaya moto. Yawancin injinan duro suna da hanyar iska biyu: ta ƙura, wadda ke bin tiyo da filta, da ta sanyaya moto a ka. Dole akwatin ya raba su. Iskar fita ta samu nata bututun kai tsaye daga bakin injin zuwa waje, ba tare da ta zuba cikin akwatin ba. Iskar sanyaya moto kuma ta samu mashiga a ƙasa da mafita a sama, a ɓangarori daban. Kowace hanya a yi ta kamar lungu mai kwana biyu ko uku, a shafe bangonta da audugar dutse, ta yadda in ka leƙa ba za ka hango injin ba. Iska tana iya shan kwana, ita kuwa siririyar ƙara kowace kwana rage ta take yi. Faɗin hanyar bayan an sa auduga kada ya gaza santimita 8 da 25. A wannan faɗin iskar na tafiya a hankali, wajen mita uku a daƙiƙa, ba ta yin tata shewar. A bar tazarar santimita 10 tsakanin injin da auduga ta kowane gefe. In warshar ba ta da sanyi, ni ba zan yi akwati ba tare da ƙaramar fankar fitar da iska a hanyar sama ba, irin ta banɗaki, wadda ke tashi tare da injin.

Lissafa duk wannan, za ka ga akwatin injin lita 20 ya kusa tsawon mita da faɗin santimita 70, nauyinsa ya haura kilo 50, sai da tayoyi. Wanda aka yi da kyau yana rage desibel 10 zuwa 20, wato daga ruri zuwa abin da za a iya hira a kansa. Aikin yini biyu ne ga kafinta, kuma yawancin kayan ragowar aiki ne. Amma yana cin wuri, kuma yana ɓoye maka abubuwan da kunne ke faɗa. In tiyo ya toshe, muryar injin takan ƙara siranta, a akwati ba za ka ji ba. Za ka iya rufe shago ka tafi salla yana kunne. Ka sa makunni da fitila ja a waje. Kuma tunda buɗe ƙofa kullum don zubar da ƙura yana gajiyar da roba, ka sa saikulon a gaba, mazurarin nan da ke juya iska ya zubar da garin katako cikin bokiti kafin ya kai filta. Akwai na saye irin Dust Deputy, akwai masu haɗa nasu da bokiti biyu. Da shi sai ka yi makonni ba ka buɗe akwatin ba. Tartsatsin giranda kuwa kada ya kusanci tiyon, da akwati ko babu.

Hanyar da na fi so, in wuri ya ba da dama, ita ce a fitar da injin daga ɗakin gaba ɗaya. Bangon bulo mai santimita 20 da aka yi wa filasta yana tare desibel 40 ko fiye, abin da babu akwatin katakon da zai kusanta. In akwai sito, ko tsakar gida, ko lungun bayan gini, sai a huda rami ɗaya, a wuce da bututun PVC mai santimita 5, a cike gefensa da siminti ko silikon, a sa makunni a ciki. Bututu mai santsi ba ya cin ƙarfin zuƙa kamar tiyo mai gurzago, don haka mita huɗu ko biyar ba matsala ba ce in an rage kwana. Injin na shan iska a sarari, zafinsa na wat 1200 ya bar maka ɗaki, ƙurar nan mai laushi da ke tsere wa filta ita ma ta fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin tun 1995 hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankara, musamman ta hanci.

Ita ma wannan hanyar tana da nata cikas guda uku. Na farko, ka ɗauke ƙarar daga kunnenka ka kai ta tagar wani, an gudu ba a tsira ba. In lungun yana kallon ɗakin maƙwabci, sai ka ƙara salansar nan, ko ka gina masa 'yar rumfar bulo mai buɗaɗɗen gefe da ke kallon nesa da mutane. Na biyu rana. Ƙasar da ke hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba, ba a ajiye injin roba a kan rufinta ba inuwa. Na uku ya shafi masu mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Inji mai jan lita 60 a daƙiƙa yana kwashe iskar ɗaki mai mita huɗu da shida, tsayi uku, cikin minti ashirin, iska mai zafi ta waje kuma ta shigo ta maye gurbinta. In ana kunna shi jefi-jefi ba komai, in kuwa yini ake yi, mukayyif ɗin zai sha wahala. Ga mai sanyi a warsha, akwati a ciki da filta mai kyau ya fi masa, domin sanyin ɗakin ne ma zai kare moton. A busasshiyar iskar Makka da Riyad kuma bututun PVC yana tara wutar da ke ɗan fizgar hannu, a naɗa masa wayar tagulla a haɗa ta da ƙasa. Kuma ba a huda bangon haya sai da yardar mai gida.

Sai sayen injin da aka ƙera shi shiru tun daga masana'anta. Festool da Fein da Makita da Bosch duk suna da injinan da aka yi don masu sana'a. Festool CT 26, alal misali, yana jan lita 3900 a minti da wat 1200, ƙararsa a cikakken gudu wajen desibel 71, yana da abin rage gudu, yana kuma tashi da kansa in ka kunna injin gugan da ka jona a jikinsa. Abin da kake saye a nan ya wuce shiru. Ka duba harafin da ke jikinsa: L yana riƙe kashi 99 na ƙura, M kashi 99.9, kuma M ne aka ware wa ƙurar katako da MDF. Kuɗinsa ya ninka na injin duro sau da yawa, jakunkunansa ma kuɗi ne. Amma ga wanda aikinsa a gidajen mutane yake, haɗa kicin ko kabad a Aziziyya yau, gobe a Awali, shi kaɗai ne zaɓi, tunda ba wanda zai hau bene da akwatin kilo 50. In za ka sayi na hannu a haraj, ka kunna shi, ka leƙa tartsatsin kabon, ka tabbata ana samun filtarsa a kasuwa.

Wanda ke da filena ko babban zarton tebur, ba wannan injin yake buƙata ba tun farko. Nasa shi ne babban mai jakar yadi da tiyon santimita 10, wanda motonsa ba kabon, yana juyawa wajen sau 3450 a minti. Muryarsa rugugi ce mai kauri, ba ta huda kai, sai dai ta fi ratsa bango, kuma akwatin katako bai cika tare ta ba. Wutar Saudiyya mai hez 60 ce, wato tana juyawa sau 60 a daƙiƙa, don haka wanda aka ƙera wa hez 50, irin na Najeriya ko Sudan ko Turai, zai yi gudu da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar, ya ƙara ƙara, ya ja wuta fiye da ƙima. A karanta farantin jikinsa kafin a biya. Moto mai kabon bai damu da wannan ba.

In za a tambaye ni, ga yadda zan raba. Mai tsakar gida ko sito, wanda ba ya kunna mukayyif, ya kai injin bayan bango, ya fi arha, ya fi shiru, ya fi aminci. Mai haya a ƙasan bene da ba shi da inda zai fitar da shi, ya fara da salansa da tabarmar roba, ya auna. In mutanen sama sun daina aiko yaro, ya tsaya a nan. In bai isa ba, ya yi akwati na MDF da jibs da audugar dutse, da hanyoyin iska a rabe. Mai warsha marar sanyi da ke kunna inji awa uku a jere a lokacin zafi, ina ba shi shawarar kada ya yi rufaffen akwati sai da fanka, in ba haka ba ya tara kuɗin inji mai shiru.

Wanda ya gama akwatinsa, kada ya fara aiki da shi sai ya gwada, kuma gwajin a yi shi da tsakar rana, lokacin da warsha ta fi zafi. A sa ma'aunin zafi mai waya, bakinsa kusa da inda moto ke jan iska, a rufe ƙofa, a kunna na rabin awa ana duba shi kowane minti biyar. Ya kamata adadin ya hau ya tsaya. In ya tsaya bai fi digiri 10 sama da na ɗakin ba, akwatin ya yi. In yana ta hawa bai tsaya ba, ko ka ji ƙaurin koyil, ko injin ya yanke da kansa, iskar zafi na zagayowa, sai a kashe a faɗaɗa hanyar sama ko a ƙara fanka. Ma'aunin a bar shi a jiki, allonsa a waje inda ido zai riƙa kaiwa, kuma wanda ya yi gwajinsa a watan Janairu ya sake shi in Yuni ya kama.